A Yanke Sharaɗi Kafin a Zuba Ɗan Farko

Duk wanda ya saba da majalisun yamma na garin Lafia, daga Tudun Gwandara zuwa Bukan Sidi, daga Sabon Pegi zuwa Shabu, ya san cewa murya takan tashi a kan allon draf da ramukan dara kamar yadda take tashi a hirar siyasa. Abin da ke ta da jijiyar wuya kuwa kusan kullum ɗaya ne: wani ya yi tafiyar da ta halatta a unguwarsu, abokin karawarsa ya ce su a wajensu ba a san ta ba. 'Yan kallo su rabu biyu, kowane ɓangare yana rantsuwa cewa haka ya tashi ya tarar. Sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa.

Matsayina a kan wannan a fili yake. Bambancin dokokin wasa daga gari zuwa gari dukiya ce da ya kamata mu riƙe, mu kuma rubuta ta tun ba ta salwanta ba. Abin da ke ɓata wasa, ya ɓata zumunci, shi ne dokar da ake zarowa daga aljihu bayan wasa ya yi nisa. Don haka dokar da ke gaba da kowace doka ita ce a yanke sharaɗi kafin a zuba ɗan farko. Tun ran gini, ran zane.

Mu fara da dara, tunda ita ce tamu ta gado, kuma ba ta neman ko sisi. A share ƙasa a gindin mangwaro, a dunƙule hannu a danna ramuka: layi 5, kowane layi gida 6, gida 30 ke nan. Wannan ya kakkarya tsinken kara guda 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12. Wasan zango biyu ne. Na farko zubi, inda kowa ke ajiye ɗa ɗaya bi da bi har 'ya'ya 24 su zauna. Na biyu tafiya, inda ɗa ke matsawa gida ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da a karkace. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya daga na abokin wasansa. Wanda 'ya'yansa suka ragu zuwa biyu ya faɗi, domin ba shi da sauran abin jera uku.

A kan wannan ginshiƙi Bahaushe da Badakkaren ƙasar Zuru da Bazabarmen Nijar, wanda ke kiran wasan dili, duk bakinsu ɗaya. Daga nan ne hanya ke rabuwa. Shin an yarda mutum ya jera uku tun a lokacin zubi? A wasu wurare haramun ne kwata-kwata, a wasu kuma ana barin jerin amma ba ya ci. Idan 'ya'ya huɗu suka haɗu a layi ɗaya fa? Wasu su ce jerin banza ne, ba ci ba laifi, wasu su ce tafiyar ma ba ta halatta ba, a mayar da ita. Sannan akwai girman fili. Ana yin dara a gida 30, ana kuma yin ta a gida 42, wato layi 6 mai gida bakwai-bakwai. Wanda bai taɓa durƙusawa a gaban ramukan ba zai ɗauka bambancin kaɗan ne. To a lissafa: a gida 30, bayan zubi gida 6 kacal ke saura fanko, wasa ya zama na matsi da toshe hanya, mai haƙuri shi ke cin riba. A gida 42 kuwa gida 18 ke buɗe, sai wasa ya koma na gudu da kai farmaki. 'Ya'ya ɗaya, suna ɗaya, amma dabara biyu ce daban.

Inda bambancin doka ya fi yin tasiri shi ne wajen doki. Doki tsari ne na 'ya'ya biyar: biyu a wannan layi, biyu a layin da ke maƙwabtaka da shi, na biyar yana kai da komo tsakanin gidaje biyu. Ya hau ya cika uku, ya sauko ya cika uku, kowace tafiya ci ce. Wanda aka kafa wa doki hanya biyu gare shi: ko ya cusa ɗansa a gidan da mai kai-komon ya bari, ko ya samu ci ɗaya ya rushe tsarin. A nan tambaya take: ana cin ɗan da ke zaune cikin jerin uku, ko jerin ya zame masa garkuwa? Inda jeri ke kāre ɗa, iyakar abin da za ka iya cirewa shi ne ɗaya daga biyun da ke jira, sai rabin dokin ya rage, mai shi ya ci gaba da buɗewa yana rufewa, yana cinka duk bayan tafiya biyu. Inda jeri ba ya kāre kowa kuwa, sai ka cire mai kai-komon kansa, layukan biyu su mutu a tare har sai an sake jawo wani ɗa daga nesa. Ashe ke nan mutumin da ya tashi a kan doka ta farko tun daga zubi yake gini daban da wanda ya tashi a kan ta biyu. Idan aka bari sai wasa ya kai tsakiya kafin a sanar da shi cewa garkuwarsa ba garkuwa ba ce, an ƙwace masa dukan shirin da ya yi tun daga ɗan farko.

Ga yadda abin yakan kasance. Saurayi yana karawa da dattijo, ya sha wuya ya kafa jerinsa, sai dattijon ya miƙa hannu ya zare ɗa daga tsakiyar jerin.

"Baba, a yi haƙuri, ai ba a cin na cikin jeri."

"Yaro, a ina aka ce? Tun ba a haifi mahaifinka ba nake cin sa."

Majalisa ta goyi bayan furfura, saurayin ya kakkaɓe wandonsa ya tafi. Dattijon bai yi ƙarya ba, haka suke yi tun suna samari. Saurayin ma bai yi rashin kunya ba. Amma darasin da ya tafi da shi mummuna ne: cewa doka ita ce abin da mai ƙarfin murya ya faɗa a lokacin da yake bukata. Da an ɓata minti ɗaya tun farko, da duk wannan bai faru ba. "Baba, da wace za mu yi? Ana cin na cikin jeri? Huɗu fa?" Dattijo ya zaɓa, don girmansa ya ba shi wannan, yaro ya amsa da "to", sannan a zuba. Girma ya samu haƙƙinsa, adalci ma ya samu nasa.

Allon draf shi ma da nasa. Ana ɗora shi a kan gwiwoyin mutum biyu da ke fuskantar juna a benci, idan ɗa ya ɓace a cike gurbinsa da murfin kwalba, kuma gwani ba ya ajiye ɗa a hankali, buga shi yake yi allon ya amsa. Namu allon mai gida 100 ne, ana wasa a kan 50, kowa da 'ya'ya 20. Na Ingila da Amurka gida 64 ne da 'ya'ya goma sha bibbiyu, ƙaramin ɗa ba ya ci da baya, sarki kuma taku ɗaya yake yi. A dokar hukumar draf ta duniya, wadda aka kafa a 1947, ci dole ne, kuma idan hanyar ci biyu ta buɗe wajibi ne ka bi wadda ta fi yawan 'ya'ya. A benci kuwa galibi zaɓi naka ne. Ƙa'idar bin hanyar da ta fi yawa ita ce uwar tarkuna masu yawa, domin da ita gwani ke tilasta maka ka ci uku ka bar wurin da kake tsaro, shi kuma ya share ka. Haka zancen sarki ɗaya da ya kama dogon layi sarakuna uku suna bin sa: a gasar duniya idan kowa ya yi tafiya 16 ba a kama shi ba an tashi canjaras, a benci kuwa sai a yi ta zagaye har kiran sallar magariba ya raba.

Ludo da Whot, waɗanda suka fi shiga cikin gida wajen mata da yara, sun ma fi kowa yawan dokoki. Ludo daga wasan pachisi na Indiya ya samo asali, aka yi masa rajista a Ingila a 1896 da ƙwayar kaɗawa ɗaya. A gidaje da yawa na Najeriya ƙwaya biyu ake kaɗawa, kuma ɗan da ya ci wani yakan fita kai tsaye ba sai ya gama zagaye ba. Whot kuwa wani Bature ne, William Storey, ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1935, amma a ƙasar nan ya samu gida. Lamba 2 ta sa ka ɗauki biyu, 14 ta tura kowa kasuwa, 20 ta ba ka damar neman siffar da kake so. Lamba 5 fa? A wani gida ɗaukar uku ce, a wani gida kati ne kamar kowane. Ana tare 2 da wata 2 a tura wa na gaba, ko dole a ɗauka? Amarya da ta zo daga Keffi da ƙannen mijinta na Lafia za su iya kwana suna musu a kan wannan.

Ba abin mamaki ba ne a ce gardamar ta fi zafi a nan. Lafia gari ne na mahaɗa tun asali. Muhammadu Dunama da jama'arsa daga ƙasar Barno suka taso suka kafa shi a ƙarshen ƙarni na 18. Layin dogo da ya tashi daga Fatakwal ya ratsa Makurdi zuwa Kafanchan ya bi ta cikinsa. Kasuwancin doya da riɗi da agushi ya jawo fatake daga Arewa da Kudu, sannan da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996 ya zama babban birni, ma'aikata suka kwararo daga Akwanga da Doma da Nasarawa Eggon da Awe. A benci ɗaya za ka ga Kambari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Bahaushe da Bafulatani da Ibo, kowa ya zo da dokar da ya koya a ƙofar gidansu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Garin da ke da irin wannan haɗuwa shi ya fi kowa bukatar ɗabi'ar tambaya kafin a fara.

Masu cewa dole akwai doka ɗaya ta asali, sauran duk gurɓata ce, tarihin wasanni bai goyi bayansu ba. Wasan ces da ake gani kamar an sassaƙa dokarsa a dutse ya sha sauyi. A shaɗaranjin da Larabawa suka karɓa daga Farisa, wato kakan ces, ɗan da yau ake kira sarauniya taku ɗaya yake yi a karkace, sai a ƙarshen ƙarni na 15 a Turai aka sake masa mara ya zama mafi ƙarfi a allo. Hukumar ces ta duniya ba ta kafu ba sai 1924. Kuma kowace doka duniya ce mai zaman kanta. Masana kwamfuta a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Jonathan Schaeffer, sun fara aiki a 1989, sai 2007 suka tabbatar cewa draf mai gida 64 canjaras ne idan babu wanda ya yi kuskure. Mai gida 100 da muke bugawa a bakin titi har yau ba a kai ga ƙarshensa ba. Wanda ya ce a kashe wani salo don wani ya rayu, wasa sukutum yake neman binnewa.

Amma masu neman doka ɗaya suna da hujjar da ba za a ture ba, ita ce gasa. Ba yadda za a yi gwanin Doma ya kara da gwanin Wamba a ba da kofi idan kowa da tasa ƙa'idar. Baba Sy na Senegal, wanda aka tabbatar masa da kambun draf na duniya na 1963 zuwa 1964 bayan rasuwarsa, ya kai inda ya kai ne saboda akwai doka rubutacciya da ya haɗu da Turawa a kanta. Wellington Jighere, ɗan Najeriyar da ya ci kofin duniya na Scrabble a birnin Perth na Ostiraliya a 2015, haka nan. A gida ma, ayo da langa da dambe da kokawa sun shiga gasar wasanni ta ƙasa ne bayan an zauna an tsara musu ƙa'ida. Dara ta cancanci irin wannan mazauni. Sai dai ba dole ba ne ɗaya ta cinye ɗaya. A samu dokar gasa guda, a rubuce, wadda kowa zai iya karantawa kafin ya shiga fili. A kuma bar dokokin gida su ci gaba da rayuwa a gindin bishiya, kowace da sunan garinta. Muna yin haka da harshe: akwai daidaitacciyar Hausa ta jarrabawa da labaran rediyo, amma ba wanda ya ce Basakkwace ya bar Sakkwatancinsa ko mutumin Lafia ya canza lafazinsa.

Abin da ya sa nake ganin rubutawar ba ta jiran gobe shi ne abin da ya faru a Barno, ƙasar da kakannin masu sarautar Lafia suka fito. A can an yi wani wasan fada mai suna tsatsarandi, ɗan'uwan shaɗaranji, wanda 'ya'yansa ke ɗauke da sunayen sarautu irin su Mai da Ciroma da Kaigama. Lokacin da wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya yi rubutu a kansa a 1939, wasan ya riga ya kama hanyar ɓacewa. Yau da wuya ka sami wanda zai jera maka shi. Ɗan abin da ya rage a hannunmu shi ne abin da baƙo ya rubuta. Dokar da ke zaune a ƙwaƙwalwar tsofaffi kaɗai tana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya.

Wayar hannu kuma tana gaggauta abin ta wata hanyar. Manhaja irin Ludo King, da wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ba ta tambayar yaro yadda ake yi a gidansu. Ƙwaya ɗaya take ba shi, da ƙa'idarta, kuma ba a musu da ita. Yaron da ya tashi a kanta zai ɗauka salon mahaifiyarsa kuskure ne. Ta wani gefen wayar ta koya mana abu mai kyau, tunda dokarta ba ta canzawa don wani ya kusa faɗuwa. Amma ta raba yaro da wata makaranta mai muhimmanci, wato zama da mutum ido da ido a daidaita a kan sharaɗi, sannan a riƙe alkawari ko da ya juya maka baya.

Na san akwai mai cewa duk wannan ɓata lokaci ne, kuma addini bai bar mu a sake ba. Gaskiya ne malamai sun yi magana. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana nardi, wani wasan allo na kaɗa ƙwaya, da shaɗaranji, yayin da aka ruwaito daga Imam Shafi'i cewa shaɗaranji makaruhi ne muddin babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa ya bi. Abin da liman da fasto suka haɗu a kai shi ne sharrin caca, kuma a nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya lura zai ga cewa sabuwar doka ta fi saurin ɓullowa a tsakiyar wasa ranar da aka ajiye kuɗi a ƙarƙashin allo. Da zarar naira ta shiga, aboki ya zama abokin gaba, mai nasara ya tafi da kuɗin cefanen maƙwabcinsa, a wayi gari dara ta ci gida. Saboda haka sharaɗi na farko da ya kamata kowace majalisa ta yanke shi ne babu kuɗi, na biyu kuma idan an kira salla a kife allo.

Ƙa'idar da nake kira gare ta ba ƙarama ba ce, ita ce ƙa'idar da shari'a kanta ta tsayu a kai. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a kama mutum da laifi a kan aikin da ba laifi ba ne a lokacin da ya aikata shi. Garin da Sarkinsa, Mai Martaba Sidi Bage Muhammad, ya baro kujerar Kotun Ƙoli ya hau gadon sarauta a 2019, bai kamata a bukaci doguwar lacca kafin a gane wannan a cikinsa ba. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara 10 cewa ba a canza sharaɗi don an ga faɗuwa, shi ne gobe zai riƙe amanar adashe, ya tsaya a kan cinikin da aka tafa hannu a kai ko da farashin doya ya tashi washegari, ya karɓi sakamakon zaɓen ƙungiya ba tare da ya nemi a sake tsarin ba.

Aikin da ke gabanmu bai fi ƙarfinmu ba. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafia da na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu: su zauna da tsofaffin gwanaye a ƙananan hukumomi 13 na jihar, su rubuta yawan gidaje da 'ya'ya, da abin da ya halatta a zubi, da hukuncin huɗu, da hukuncin doki, da sunayen da kowane yare ke kiran tafiye-tafiyen da su, su kuma ɗauki bidiyon wasa cikakke. Masu karatun kwamfuta su gina manhajar dara wadda za ta fara da tambayar salon da ake so. Ma'aikatar matasa da wasanni ta tara gwanaye su fitar da dokar gasa a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a gwada ta a makarantun sakandare. Gidan rediyon jiha ya ba tsofaffin nan fili su yi bayani da bakinsu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun kowa daga yammacin yau. Kowace majalisa ta rubuta sharuɗɗanta biyar ko shida a bayan allonta, baƙo in ya zo a karanta masa, in yana da nasa salon a saurare shi, wata rana a gwada. Iyaye kuma su koya wa 'ya'yansu tambayar nan tun kafin su koya musu kafa doki: da wace doka za mu yi? Wanda ya amsa sharaɗi da bakinsa, in ya faɗi ya miƙa hannu a gaisa, gobe ya dawo da sabuwar dabara.